Ƙugiyar Ɗan Duwala

Zare Leinyuy ta je saye, ba wani abu ba.

Kirsimeti ta gabato, kasuwar Mbve ta garin Kumbo ta cika ta batse, ko'ina ka juya rassan itacen saifires, wanda ake bishiyar Kirsimeti da shi, ne a jingine, ƙamshinsu har ya danne na soyayyen kifi. Tana kutsawa da kwandonta sai ta ji an ce, "'Yammata, ki bar zaren nan ya huta bana."

Ta waiwaya. Wani dogon saurayi ne siriri da hular ulu, tsaye bayan teburi cike da balan-balan da ƙwallayen ado. A gefensa ga wata 'yar bishiyar roba an cika ta da kaya.

"Wa ya ce maka zare nake nema?"

"Tun daga bakin kasuwa kike tambaya, har kurma ya ji." Ya ɗago wata 'yar waya mai lanƙwasa sama da ƙasa. "Ga ƙugiya. Ki saƙala ado nan, ki rataya nan. An gama."

Ya kama bishiyar robar ya girgiza ta da ƙarfi. Ko ɗaya bai faɗo ba.

"A Duwala ba mai ɗaure zare yanzu," ya ce.

"Au, ɗan Duwala ne. Shi ya sa bakin ba ya rufuwa."

"Ɗan Kumbo ne, Duwala ta yi renona kawai. Wirsiy sunana. Ina gyaran keken ɗinki a unguwar Tobin, wannan na ƙarshen shekara ne."

Da ta wuce abinta, don ita ba mai tsayawa hira da samarin kasuwa ba ce. Amma sai ta tuna da hannun mahaifinta.

Pa Tatah tsohon malamin firamare ne. Tun rasuwar matarsa Ma Prisca, ba wanda yake bari ya ɗaura ado a bishiyar Kirsimetin gidan sai shi. Kayan gilashi ne, tsofaffi, wata Sistar coci da ta koya wa marigayiyar ɗinki ta ba ta ranar aurenta: ƙwallaye, da mala'ika, da wata 'yar ƙararrawa shuɗiya da Ma Prisca ta fi so. Yanzu sanyin ƙashi ya kama yatsunsa. Bara wuni guda ya yi yana ƙulla zare yana cije leɓe, Lei tana kallo ba halin ta ce kawo.

"Ba za su faɗi ba?" ta tambaya. "Na gilashi ne. Na mamata."

Wirsiy ya dafa ƙirji. "Ba za su faɗi ba. Na rantse. In kina shakka ki ba ni lambarki, kullum in kira in ji lafiyarsu."

Ta harare shi. Ta kuma ba shi lambar, wai don lafiyar ƙwallaye.

A gida sai da ta yi da gaske. Pa Tatah ya juya ƙugiyar ya sake juyawa, ya ce abin banza ne, uwarki da zare ta san su. Ta ce, "Baba, kai za ka rataya da hannunka, ba wanda zai taɓa." Daga ƙarshe ya yarda. Kafin tukunyar shayi ta tafasa ya gama, ya ja baya yana kallon bishiyar a cikin bokitinta na yashi, bai ce komai ba. A wurin Pa Tatah wannan yabo ne.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Kwastoma, ya ƙwallaye? Ya mai ƙwallaye?"

"Ƙwallaye lafiya. Mai su ba ruwanka da ita."

"Ai garantin ya haɗa da ita. Ba ki karanta ba ne."

Ta kifa wayar a kan cinya tana dariya ita kaɗai. Ranar Kirsimeti bayan an tashi daga coci ya tsare ta a bakin matakala ya ce muryarta kaɗai ya ji cikin mawaƙa. Ƙarya ce, don a layin baya take kuma mura take yi, amma ta ji daɗinta har cikin ranta. Kafin shekara ta fita ya koma kiranta 'Yar Zare, ita kuma Ɗan Duwala, kuma ta san ta kamu.

Ranar sabuwar shekara ya zo gaida mahaifinta, da goro da 'yar butar bammi. Pa Tatah ya ba shi kujera, ya tambayi gidansu da unguwarsu, ya gano ma ya taɓa koyar da ƙanin mahaifinsa. Lei ta kawo tuwon masara da miyar ganyen njama-njama, zuciyarta fes. Hira ta fara daɗi.

Sai suka ji ƙara, 'yar siririya, a kan siminti.

Kowane yaron Kumbo ya san halin saifires. Ranar da aka sare shi rassansa a miƙe suke, amma in ya kwana biyu a ɗaki sai ya fara bushewa, rassan su sunkuya su kalli ƙasa. Zare yana cije reshe ya bi shi duk inda ya yi. Ƙugiya kuwa zamewa take. Wirsiy ya bar gari yana ƙarami, bishiyar roba kaɗai ya sani, ita kuma ba ta bushewa.

Ƙararrawar shuɗiya ce. Ta tarwatse.

Pa Tatah ya durƙusa da ƙyar. Wirsiy ya zabura zai taya shi, tsohon ya ɗaga masa hannu. Shi kaɗai ya tsince gutsattsarin da yatsunsa masu ciwo, ya zuba a hankici, ya naɗe.

"Kai ka ce mata ba za ta faɗi ba?"

"Ni ne, Pa."

"Ka gwada a kan itacen nan?"

"A'a, Pa."

"Ba ka gwada ba, ka rantse." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Ƙararrawa ta tafi, ba za ta dawo ba. 'Ya ɗaya ta rage min a gidan nan. Gobe za ka zo ka rantse min a kanta ita ma. Ɗauki bamminka, yaro. Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Lei ta yi kuka ranar, kuka biyu a haɗe, na uwa da na saurayi, ta rasa wanne ya fi ciwo. Ita ta sayo ƙugiyar, ita ta lallashi tsohon. Da ta ga ya sa hankicin cikin aljihun rigarsa ta coci, sai ta ji ba za ta iya buɗe baki ta roƙe shi komai ba.

Washegari saƙo ya zo.

"Lei tawa, ba ni da bakin ba da haƙuri. Gaskiyar Pa ce. Ba zan zo ba tunda ya hana, amma ban tafi ko'ina ba. Ki ci abinci don Allah."

"Na ci. Kai ma ka ci. Ba kai kaɗai ka fasa ta ba, ni da kai ne."

Haka suka ci gaba, gaisuwa a bakin coci, saƙo safe da yamma. Damina ta sauka, aka shuka dankali, aka tone. Duk lokacin da ta ɗauko zancensa a gida sai Pa Tatah ya ƙara ƙarar rediyo.

Ana nan sai magana ta fara yawo cikin ƙungiyar mawaƙa. Wai kullum yamma, da ya rufe shago, Wirsiy gidan su Emerencia yake nufa. Emerencia ita ce mai jan waƙa a layin gaba, kyakkyawa, kuma ta san da haka. Da aka tsokane ta bayan gwajin waƙa ba ta musa ba, gyara ɗankwali ta yi ta ce, "To in ya zo in kore shi ne? Ai wasu sun kora, mu mun samu."

Lei ta yi kamar ba ta ji ba. Ta isa gida ta rubuta masa:

"Ashe ka samu gidan da ba a kora. Allah ya sanya alheri."

"Wane gida kuma, 'Yar Zare?"

"Kada ka ƙara kirana haka."

"Lei, ba abin da kike zato ba ne. Ba na son in faɗa miki sai ya yiwu. Na daina faɗin abu kafin ya yiwu."

Ba ta amsa ba. Ya kira ya kira, ta ƙi ɗauka. Kishi ba ya jin bayani, kuma ita a lokacin ba bayani take so ba, so take ta ji haushi ta ƙoshi. Ta rame har Pa Tatah ya fara yi mata kallon gefen ido, yana tura mata naman da ke kwanonsa.

Wata yamma haƙurinta ya ƙare. Ta ɗaura zane ta nufi gidan su Emerencia, ta shirya maganganun da za ta faɗa tun daga hanya. Gidan ne mai dogon shingen saifires, wanda ya fi na kowa a unguwar, sai ta ga an aske shi tsaf. Emerencia tana bakin ƙofa tana ɓarar wake.

"Kin zo ɗaukar mahaukacinki?" ta ce, ko gaisuwa babu. "Yana baya, ɗakin ajiyar masara. Ki tafi da shi don Allah. Na kai shayi, na kai gasasshiyar masara, na sa sabuwar riga, mutumin nan ko ɗago kai bai yi ba. Mataccen ƙwan lantarki yake kallo. Ni na haƙura."

Lei ta zagaya ta leƙa.

Bokitai ne jere, kowanne da reshen saifires a tsaye cikin yashi. Wani ɗanye shar, wani ya fara sunkuyawa, wani ya bushe ƙayau. A jikinsu an rataye matattun ƙwayayen lantarki da ƙananan kwalaben magani. Ƙasa kuwa fasasshen gilashi ne an share shi gefe, tuli guda. Wirsiy yana tsugune da filaya yana murɗa wayar birkin keke, yatsunsa duk filasta.

Ya ɗago ya gan ta, filayar ta suɓuce.

"Baban Emerencia ya ce in dinga aske masa shinge, in kwashi rassan," ya ce a hankali. "Shi ke nan abin da ke tsakanina da gidan nan."

Ya miƙo mata ƙugiya ɗaya. Ba irin waccan ba ce. Wannan tana da baki kamar abin shanya, da 'yar murɗaɗɗiyar waya da ke matse reshe, in reshen ya bushe ya tsuke sai ta ƙara cije shi. A bayanta akwai kunnuwa biyu masu faɗi, har sun yi wa ƙugiyar yawa.

"Waɗannan kunnuwan fa? Sun ɓata mata kyau."

"Kin ce yatsun Pa ba sa lanƙwasuwa. Da tafin hannu zai matsa, ta buɗe. Ba sai wani ya rataya masa ba."

A nan hawayen suka zo. Ta zauna kan buhun masara tana kuka tana dukan kafaɗarsa. "Mugu kawai. Ka bar ni ina ta zagin yarinyar mutane a raina."

"Yi haƙuri, 'Yar Zare."

"Na ce kada ka ƙara kirana haka."

"To."

"Ƙara faɗa mana."

Disamba ta zagayo. Ranar jajiberen Kirsimeti Pa Tatah ya sa aka kafa bishiya, ya ɗauko kwalin ado da zarensa. Hannun ya fi na bara lalacewa. Ya zura zaren, ya zame. Ya sake, ya zame. Rana ta yi tsaka ƙwallo ɗaya kacal ya ɗaura. Ya zauna ya zuba wa hannuwansa ido, Lei ta juya baya don kada ya ga fuskarta.

Sai aka yi sallama. Daga bakin shinge Wirsiy ya tsaya, hula a hannu.

"Pa, kun ce kada in taka gidan, ban taka ba. Abu na kawo, in kun ƙi in koma da shi."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce wa Lei, "Karɓo." Ya juya ƙugiyar, ya matsa kunnuwan da tafin hannu, ta buɗe baki. Ya saki, ta rufe. Ya sake matsawa.

"Wannan ma ba za ta faɗi ba ko?"

"Ban sani ba, Pa. Na gwada a ɗanye, na gwada a busasshe, tun damina ba wadda ta faɗi. Amma rantsuwa kam na bari."

Pa Tatah ya yi gyaran murya. Ya sa hannu cikin kwalin ya ɗauko mala'ikan gilashi, abu mafi daraja da ya rage, ya saƙala shi, ya maƙala a can ƙarshen wani siririn reshe, inda ko zare ba a yarda a ɗaura abu mai nauyi.

"Ranar Sarakuna Uku, shida ga Janairu, ake sauke bishiya a gidan nan. In ranar ta zo yana nan, ka turo manyanka. In ya faɗi, kai ma ka san sauran."

Ba a taɓa yin Kirsimetin da Lei ta ƙi jinin bishiya kamar wannan ba. Kullum reshen ƙara sunkuyawa yake. In yaran maƙwabta suka shigo da gudu sai ta zabura ta tare su. Ta hana kyanwa shiga falo, ta daina shara kusa da bokitin.

"Ya yake?" Wirsiy zai rubuto.

"Yana nan. Reshen ya kusa kallon ƙasa. Ina jin tsoro, Ɗan Duwala."

"Ni ma. Amma kada ki taɓa shi, Lei tawa. In da hannunki ya tsaya, ba tsayuwa ba ce."

Ta karanta ta ce to. Amma ana gobe Sarakuna Uku, da Pa Tatah ya fita addu'ar safe, ta ga reshen ya lanƙwashe gaba ɗaya, mala'ikan yana lilo a kan siminti tsirara. Sai "to" ɗin nan ya gudu. Ta ɗauko koren zare mai kalar ganye, ta ce ɗauri ɗaya ta baya, ba wanda zai gani, Allah kuma ya san dalili.

Ta sa hannu ta ɗaga ganyen. Ta tsaya cak.

Akwai zare a wurin. An zura shi ta zoben mala'ikan an ɗaure a reshen sama, da wani ƙaton ƙulli mummuna, karkatacce, irin wanda mai lafiyar yatsu ba zai taɓa yi ba. Zaren kuma sako-sako yake, bai ɗauki nauyin komai ba. Ƙugiyar ce ke riƙe da mala'ikan ita kaɗai.

"Me kike nema a nan?"

Pa Tatah ne a bakin ƙofa, ya dawo ɗaukar carbinsa. Ya dubi zaren da ke hannunta, ta dubi wanda ke bishiyar.

"Baba," ta ce. "Yaushe?"

"Ranar da kika je kasuwa." Ya zauna a hankali. "Rabin wuni ya ci min, ɗan banzan ƙullin nan."

"Don mala'ikan Mama?"

"Da don shi ne ai da ban rataya shi a can ba." Ya kau da kai wajen taga. "Na faɗi magana gaban yaro, malami kuma ba ya janye magana. Sai na zauna ina kallonki kina ramewa, na ce in abin nan ya faɗi, me zan ce wa uwarki? Ashe ma wahalar banza na yi. Je ki ɗauko almakashi ki yanke shi kafin ya zo ya gani ya raina ni."

Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa. Ya ɗora mata hannu a ka, ya bar shi a nan.

"Ki gaya masa ya zo da itacen girki mai kyau," ya ce. "Ba na son ɗanye."

Manyan Wirsiy suka zo da itace da gishiri da manja da bammi, aka sha, aka sa rana bayan Ista. Ranar auren coci ta cika, Emerencia ce ma ta ja waƙar shigowar amarya, ta kuma ja ta da kyau. Pa Tatah ya rako 'yarsa a hankali, yana riƙe da wuyan hannunta, har gaban Fada, limamin cocin, inda Wirsiy yake tsaye cikin kwat yana zufa duk sanyin Kumbo.

Fada ya ce a miƙa amarya. Wirsiy ya buɗe hannu. Pa Tatah bai saki ba.

Aka jira. Wata tsohuwa a layin gaba ta ce, "Wayyo, ciwon ne ya riƙe masa yatsu." Lei ta sunkuyo za ta taimaka ta buɗe su.

"Ba ciwon ba ne," tsohon ya ce, kowa ya ji. "Ku ɗan ba ni lokaci."

Ya dubi 'yarsa son ransa, hawaye na bin kumatunsa bai share ba. Sannan ya buɗe yatsun da kansa, ya ɗora hannunta cikin na Wirsiy, ya haɗa su ya dafa.

"Ɗana, ga ta. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ya sa ku tsufa tare. Ku je, na yarda."

Jama'a suka amsa da amin, guɗa ta tashi har waje.